Luguden Wayoyi Uku

Duk wanda ya shiga Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi ta ƙasar Kudan, in ya ɗaga kai zai ga manyan wayoyin lantarki uku-uku suke tafiya bisa turaku. Dalili kuwa, wutar da ke cikinsu lugude take yi, kamar mata uku a turmi guda: wannan ta sauke taɓarya, wannan ta bi, ta ukun ta biyo, zagaye hamsin cikin daƙiƙa ɗaya. A Jamus aka fara kai irin wannan wuta nesa, cikin 1891, tafiyar kilomita 175 daga Lauffen zuwa Frankfurt.

To, lugude ba ya daɗi sai hannu ya zo ɗaya. Kadan aka jibga wa waya guda gidaje masu yawa, sauran biyu suna hutawa, sai ka ga ƙwan wannan layi ya yi ja kamar garwashi, na maƙwabta yana haske tar. Mai injin niƙa shi ya fi shan wuya, gama motar injinsa takan yi zafi har ta ƙone, jari ya tafi.

Masanan farko sun iya lissafin wuta muddin wayoyin uku suna daidai. Da sun saɓa, sai lissafi ya cuɗe. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Charles Fortescue, haifaffen ƙasar Kanada a 1876, ma'aikacin kamfanin Westinghouse a Amurka. Cikin 1918 ya karanta wata doguwar takarda gaban taron injiniyoyi, ya nuna cewa kowane irin saɓani na wayoyi uku ana iya raba shi kashi uku, kowane kashi daidai yake a kan kansa. Kashi na fari shi ne lugude na sosai, shi ke juya inji. Na biyu lugude ne da baya, watau ta ukun ta riga ta biyun. Wannan shi ne mugun, domin ja yake da inji yana neman mai da shi baya, ƙarfin kuwa ya zama zafi. Na uku, taɓare duka su faɗi tare, wutarsa sai ta nemi hanyar komawa ta waya ta huɗu ko ta ƙasa.

Abin sha'awa, bai ƙera kome ba a wannan aiki, alƙalami kawai ya sa. Amma tun da aka buɗe madatsar Kainji a 1968 har yau, da lissafinsa injiniyoyinmu ke auna yawan wutar da za ta kwarara in waya guda ta tsinke ta taɓa ƙasa, sa'an nan su saita na'urar da za ta yanke layin nan take, kafin taransifoma ta kama wuta.