Isawa da Gimi: Yadda Wata Ƙaramar Jama'a Ta Jure Tsoro Sau Biyu

A rabi na biyu na ƙarni na 19, ƙasar da ke gabas da kudu maso gabashin birnin Kano, daga Gaya da Kademi da Ajingi har zuwa Takai da Birnin Kudu, ta kasance bakin iyaka, domin bayanta akwai duwatsun Ningi, inda malaman da suka yi wa Kano tawaye a kan haraji, ƙarƙashin Malam Hamza na Tsakuwa, suka kafa mulkinsu tun kafin 1850, kuma daga can ne mayaƙan Ningawa suke kawo hari suna kwasar mutane da dabbobi. A irin wannan ƙasa, wadda ikon sarki bai gama kama ta ba, wanda birni ya kora yakan sami wurin fakewa, kuma ta nan ne tarihin jama'ar da ake kira Isawa ya bi.

Isawa, waɗanda wasu suke kira Bani Isra'ila, almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ɗan Maryamu ya kai shi ga ba shi matsayin da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Da koyarwarsa ta bazu, sai aka kai ƙararsa gaban Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, aka nemi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwar Kurmi wajen shekarar 1867. Tsirewa, wato a soke mutum a kan fiƙaƙƙen itace a bar shi a bainar jama'a, hukunci ne da ake yi domin masu kallo fiye da domin wanda aka kashe, kuma manufarsa ita ce kowa ya koma gida yana rawar jiki. Almajiransa sun watse zuwa ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau da Ningi, amma ba su saki abin da ya koya musu ba, suka ci gaba da noma da karatu a ɓoye, suna riƙe da wata magana da aka ce ya bari, cewa wata rana waɗansu za su zo da Linjila su cika musu abin da ya rage.

Ya kamata a yi hattara da wannan riwaya ta ƙarshe, domin yawancin abin da aka rubuta game da Isawa ya biyo ta hannun 'yan mishan ne, su kuwa suna da dalilin son labarin ya nuna cewa su ake jira. Isawan farko ba su ɗauki kansu Kiristoci ba, ba su san baftisma ko coci ba, kuma ba dukansu ne suka bi mishan daga baya ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne sun yi kusan shekara hamsin a matsayin 'yan tsiraru da ake zargi, kuma ba su narke ba.

A 1913 ne waɗansu daga cikinsu suka isa wurin Dokta Walter Miller a birnin Zariya. Miller likita ne ɗan Ingila na ƙungiyar mishan ta cocin Anglika da ake kira CMS, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya shigo Kano a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya zauna a Zariya daga 1905 yana magani da koyar da yara ƙalilan, ba tare da wata nasarar a-zo-a-gani ba. Zuwan Isawa ya sauya lissafinsa, har aka nemi fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, inda iyalai suka taru daga ƙauyuka daban-daban, suka sare daji, suka gina ɗakuna da makaranta da ɗakin sujada, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna W. A. Thompson yana kula da su. A karon farko jikokin almajiran Malam Ibrahim suna addu'a da babbar murya ba tare da ɓoyewa ba.

Wurin da aka zaɓa kuwa yana kusa da kurmin rafi, mazaunin ƙudan tsando, wanda cizonsa yake sa ciwon barci. Cutar takan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a bayan wuya, sannan mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, har manomi ya yi barci da fartanya a hannu ko da lomar tuwo a baki, daga nan sai rama da gushewar hankali da mutuwa, kuma a lokacin babu wani magani mai inganci da ya iso ƙauyukan Arewa. Cikin 'yan shekaru mutuwa ta ci mutanen Gimi da yawa. Ga jama'ar da ta bar danginta ta karɓi sabon addini, wannan jarrabawa ta fi ta kasuwar Kurmi nauyi ta wata fuska, domin babu azzalumin da za a nuna da yatsa, kuma fassarar da ta fi saurin zuwa bakin maƙwabta ita ce alhaki ne yake bin su. A nan ne abin da Kiristocin Hausa suke kira bangaskiya, wato dogara ga Allah a kan abin da ido bai gani ba tukuna, ya bayyana a aikace, kuma ba ta hanyar wani abin al'ajabi ba. Waɗanda suka tsira sun binne matattunsu, sun yarda a bar garin maimakon a nace a kan zama a bakin mutuwa, sun miƙa 'ya'yansu da marayunsu ga makarantar Miller a Zariya, ba su kuma koma sun ɓoye kansu kamar kakanninsu ba.

Da mishan ta tashi daga cikin ganuwar Zariya ta koma Wusasa a 1929, zuriyar Gimi tana cikin waɗanda suka kafa garin, inda aka gina cocin St. Bartholomew da tubalin ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, aka kuma buɗe asibiti da makaranta. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Miller ya yi shekaru yana aikin fassararsa tare da Hausawa masu taimaka masa. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta tashi tsaye a kan ƙudan tsando a wannan yanki ba sai a shekarun 1930, da shirin Anchau, wanda a cikinsa aka sare kurmi aka kuma sake wa ƙauyuka matsuguni.

A Anchau ɗin ne aka haifi Ishaya Audu a 1927, ɗan Malam Bulus Audu, ɗaya daga cikin Isawan da suka bi Miller. Ya zama likita, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975 a matsayin ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar, sannan ya zama ministan harkokin waje na Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.