Gyaran wurin aiki ga sabon ma'aikaci mai buƙata ta musamman

Gyaran wurin aiki shi ne sauye-sauyen da hukuma ko kamfani ke yi wa gini, kayan aiki ko lokutan aiki, domin ma'aikaci mai buƙata ta musamman ya iya sauke nauyin da aka ɗora masa kamar sauran abokan aikinsa. An fi buƙatar tsara shi tun lokacin ɗaukar ma'aikaci, kafin ranar da zai kama aiki. A dokokin ƙasashe da dama ana ɗaukar sa a matsayin haƙƙin ma'aikaci, ba alfarma ba.

Asali

Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin naƙasassu a shekarar 1990, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar aiki yin gyara daidai gwargwado. Birtaniya ma ta sanya irin wannan tanadi a dokar daidaito ta 2010. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ranar 13 ga Disamba, 2006. Yarjejeniyar ta ɗauki ƙin yin gyaran da ba zai fi ƙarfin mai ɗaukar aiki ba a matsayin nuna wariya. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010.

Doka a Najeriya

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta tanadi cewa hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon hali. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Hukuncin nuna wariya shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum ɗaya, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da aiwatar da dokar.

Yadda ake tsara gyaran

Matakin farko shi ne tattaunawa da ma'aikacin, domin shi ya fi kowa sanin abin da yake buƙata. Daga nan sai a zaga da shi ofis ko ajin da zai yi aiki, a duba ƙofa, matakala, bayan gida da wurin alwala. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, don haka ana iya rubuta gyaran da aka amince da shi tare da su. Bayanin lafiyarsa kuma sirri ne.

A Kunci

Kunci, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Ghari, ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 100,000, yawancinsu manoma. A irin wannan karkara, aikin albashi ya fi yawa a makarantun firamare, asibitocin sha-ka-tafi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mafi yawan gyaran da ake buƙata a waɗannan wurare ba mai tsada ba ne:

- Malamin da shan inna ya taɓa: gangaren siminti a bakin aji domin kekensa, da tura shi makarantar da ke kusa da gidansa, saboda wahalar hanya da damina.
- Makaho: takardu da rubutun makafi, ko waya mai karanto rubutu.
- Kurma: sanarwa a rubuce, da mai fassara maganar hannu a wurin taro.
- Zabiya: aiki a inuwa, da takardu masu manyan baƙaƙe.

Matsaloli

Manyan matsalolin sun haɗa da ƙarancin kuɗi, tsofaffin gine-gine da rashin sanin dokar. Wasu ma'aikata kan ɓoye lalurarsu don tsoron kada a janye takardar ɗaukarsu. Idan aka ba mutum aiki ba tare da gyara ba, yakan zama yana karɓar albashi amma ba a ba shi abin yi, ko kuma ya gaji ya ajiye aikin.