Bayan Kwana Talatin: Nazari kan Bibiyar Yaran da Aka Yi wa Tiyatar Zuciya

Tsakure

Maƙalar ta auna nazarce-nazarce biyu, na Finland da na Boston, ta nuna cewa ƙirga waɗanda suka rayu kwana 30 bayan tiyata bai isa ma'aunin nasara ba, kuma babban raunin bibiya shi ne yaran da suka daina zuwa asibiti.

Gabatarwa

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da tawayar zuciya. A 1944, sa'ad da Alfred Blalock da Helen Taussig da Vivien Thomas suka buɗe wa jini sabuwar hanya zuwa huhun wata jaririya a asibitin Johns Hopkins, fatan kowa shi ne ta farfaɗo. Yau akasarin irin waɗannan yara a ƙasashe masu hali suna kai wa balaga, don haka tambayar ta koma kan yadda suke rayuwa.

Hujjoji

A 2001 Nieminen da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bin sawun yaran da aka yi wa tiyatar zuciya a Finland daga 1953 zuwa 1989, suka gano makomar kashi 96 cikin 100. Lambar shaidar da kowane ɗan ƙasar ke ɗauke da ita ce ta sawwaƙa aikin. An ga cewa ko bayan shekaru da dama mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda aka yi wa tiyatar fiye da sauran jama'a.

Nazarin Boston ya dubi ƙwaƙwalwa. Tsakanin 1988 da 1992 an ɗauki jarirai 171 da aka haifa manyan jijiyoyin zuciyarsu biyu sun yi musayar gurbi, aka gyara musu, aka sake gwada su suna da shekara 1, 4, 8 da 16. Zukatan galibinsu sun yi kyau. Amma a aji sai matsalar ta fito: raunin natsuwa, wahalar tsara aiki, da buƙatar ƙarin darasi. A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi, domin likitan da ya tsaya kan hoton zuciya kaɗai ba zai taɓa ganinsa ba; malamin makaranta da uwa ne ke fara lura.

Tattaunawa

Wanda ya daina zuwa asibiti, ko dai ya ji garau ne, ko talauci ya hana shi, ko ya rasu. Cire shi daga lissafi yana karkatar da sakamako. An fi daina zuwa asibiti lokacin da matashi zai bar likitan yara ya koma na manya.

Abin ya fi tsanani ga yaran Afirka da ake kaiwa Indiya, ko aka kai cibiyar Salam ta Khartum da ƙungiyar Emergency ta buɗe a 2007. Yaron da aka sa wa bawul na ƙarfe zai sha maganin warfarin muddin ransa, ana auna jininsa a kai a kai. Ya kamata asibitin da ya tura shi ya buɗe masa rajista tun kafin tafiya, da lambobin waya na dangi fiye da ɗaya, da sunan makarantarsa.