Yadda Aka Daina Korar Uwa Daga Bakin Ƙofa

Duk uwar da ta kai ɗanta makarantar reno a ranar farko ta san shawarar da ake yawan ba ta: ki sulale ki tafi, da kin ɓace zai yi shiru. Sau da yawa kuwa yaron yakan yi shirun. Ma'anar wannan shiru ce aka shafe shekaru ana jayayya a kanta, kuma jayayyar ta faro ne daga asibitocin Ingila.

A shekarun 1940, asibitoci da dama a Landan ba sa barin iyaye su ga 'ya'yansu da ke kwance sai awa ɗaya ko biyu a mako. Hujjar likitoci ita ce ziyara tana tayar wa yaro da hankali, domin yana kwance tsit, da uwa ta zo ta tafi sai ya ɓarke da kuka.

James Robertson ne ya ƙalubalanci wannan hujja. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a gidajen renon yara da Anna Freud ta kafa a Hampstead, sannan a 1948 ya koma ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby a cibiyar Tavistock. Da ya zauna yana lura da ƙananan yara a asibiti, sai ya ga matakai uku. Da fari yaro yakan yi bore, yana kuka yana kiran uwarsa. Daga nan sai ya yanke ƙauna, ya yi lamo, ya daina wasa. A ƙarshe sai ya saki jiki da kowa, amma idan uwar ta zo ya kau da kai. Matakan nan biyu na ƙarshe su ne ma'aikata ke kira sabo.

Da aka ƙi sauraronsa, sai ya ɗauki kyamara. A 1952 ya fitar da fim kan wata yarinya 'yar shekara biyu da 'yan watanni wadda ta kwana takwas a asibiti. Likitocin da aka fara nuna wa fim ɗin sun fusata, suna ganin an ɓata musu suna. Duk da haka, a 1959 rahoton kwamitin Platt ya ba da shawarar a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu ba tare da ƙayyade lokaci ba.

Daga asibiti, Robertson da matarsa Joyce suka juya ga gidajen reno. Fim ɗinsu na 1969 ya nuna yaro ɗan wata 17 da aka ajiye kwana tara a gidan reno yayin da uwarsa ta je haihuwa. Masu renon ba mugaye ba ne, sai dai suna sauya aiki, babu wadda ta zama tasa. Ranar da uwar ta dawo, ya yi ta fizge-fizge yana ƙin ta. A ɗaya gefen, ma'auratan sun riƙi yara huɗu a gidansu, ɗaya bayan ɗaya, bayan sun saba da su tun kafin rabuwar. Waɗannan sun yi kewar iyayensu, amma ba su durƙushe ba. Darasin ya fito fili: yaro yana iya jure rabuwa idan akwai hannu ɗaya sananne da zai koma gare shi.

Makarantun reno sun ɗauki wannan darasi. A Jamus, cikin shekarun 1980, aka tsara abin da ake kira tsarin Balin. Kwana uku na farko uwa ko uba yakan zauna a aji tare da yaron na kimanin awa ɗaya. A rana ta huɗu sai ya yi sallama a fili ya fita na ɗan lokaci, kuma yadda yaron ya karɓi fitar shi ke nuna ko sabon zai ɗauki mako guda ko makonni biyu zuwa uku. A Ingila ma, tun 2008 ƙa'ida ta wajabta a ware wa kowane yaro malami ɗaya da zai zama nasa.

Awa huɗu a makaranta ba daidai take da kwana tara dare da rana ba, kuma kukan safiya a bakin ƙofa ba alamar cutarwa ba ce. Abin da tarihin ya sauya shi ne ma'aunin. A tsarin Balin ana cewa yaro ya saba ne ranar da ya yi kuka, malamarsa ta ɗauke shi, ya yarda ta rarrashe shi, ya koma wasa. Saboda haka, bayan uwa ta ji cewa ɗanta ya daina kuka, akwai sauran tambaya da ya kamata ta yi wa makaranta: a hannun wa ya yi shirun?