Sabon Tuwo Da Zafinsa: Yadda Gidajen Linux Suka Koyi Jira

A wannan makon za mu leƙa tarihin wani abu da yawancinmu muke amfani da shi ba mu sani ba, domin kowace wayar Android a kan Linux take zaune.

Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 zuciya ce kawai, wato ɓangaren da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa, ya kuma kula da ajiyar fayiloli. Gidaje irin su Debian da Red Hat da Ubuntu su ne suke ɗaukar zuciyar, su haɗa ta da sauran kaya, su miƙa wa jama'a. A yau sabuwar zuciya na fitowa duk bayan mako tara ko goma, amma manyan gidajen nan sai su yi shekaru a kan guda ɗaya. Mene ne dalili?

Mu koma 2001. A lokacin ƙa'idar ita ce, idan lamba ta biyu tana rabuwa biyu, kamar 2.4, to zuciyar ta nuna, kowa ya ɗauka. Irin su 2.5 kuwa na gwaji ne. Sai ga shi a watan Satumba, cikin 2.4.10, Torvalds ya cire tsarin sarrafa ƙwaƙwalwa ya maye shi da wani da Andrea Arcangeli ya rubuta. Canza injin mota ne ana tsakiyar tafiya. Red Hat ba ta bi ba, ta kafe a kan 2.4.9, a kansa ma ta gina kayanta na kamfanoni na 2002. A Nuwamba kuma 2.4.15 ya fito da aibin da ke iya lalata ajiyar fayiloli a lokacin kashe kwamfuta. Cikin 'yan kwanaki Marcelo Tosatti, ɗan Brazil mai shekara 18 da aka damƙa wa kulawa da 2.4, ya saki gyara. Duk wanda ya taɓa rasa babi goma na littafinsa a kwamfuta ya san abin da muke nufi da lalacewar ajiya.

A ganinmu wannan shekarar ce ta fi nuna wa gidajen cewa sunan “ya nuna” bai isa shaida ba. Dabararsu ita ce su zaɓi zuciya ɗaya, su riƙe ta, su riƙa tsinto gyare-gyare daga sababbi suna ɗinka mata. A 2005 Greg Kroah-Hartman da Chris Wright suka buɗe reshe na musamman don irin wannan aiki. Zuciyar 2.6.32 ta Disamban 2009 kuwa ta yi farin jini: Debian 6 da Ubuntu 10.04 da Red Hat Enterprise Linux 6 duk ita suka ɗauka, Red Hat ta yi ta renonta har 2020.

Sai dai ɗinkin ma yana da nasa haɗari. Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da zuciyar 6.1. A ƙarshen shekarar aka tsinto wani gyara na tsarin ajiya ext4 aka saka cikin 6.1.64, alhali gyaran ya dogara ne da wani canji da ke cikin sababbin zukata kaɗai. Sakamakon shi ne yiwuwar lalacewar fayiloli, a gidan da aka fi sani da taka-tsantsan. Masu Debian suka dakatar da fitowar 12.3 ana dab da sakinta, suka roƙi jama'a su jinkirta sabuntawa. Ranar 10 ga Disamba suka saki 12.4 da zuciyar 6.1.66, aka tsallake 12.3 gaba ɗaya.