3.4 Kayan Aikin Gida da Aikin Mata a Boɗinga da Shagari, 1940 zuwa 1970

Boɗinga da Shagari garuruwa ne na manoma da makiyaya da ke kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta nufi Jega da Yawuri. Wannan sashe zai duba kayan da matan waɗannan garuruwa suka yi aiki da su a tsakiyar ƙarni na 20, domin a tantance wanne daga cikin baƙin kaya ya rage masu wahala.

Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, bayi mata ne ke ɗauke da mafi yawan aikin ƙarfi a gidajen sarauta da na masu hali. Da dokar 1936 ta soke bauta a Arewacin Nijeriya, sai aikin ya ƙara komawa kan matan aure da 'yan mata, kamar yadda yake a gidan talaka tun asali.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne sarrafa hatsi. Kafin gero ya zama fura, ko dawa ta zama tuwo, sai an yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace, a wanke, sannan a daka a turmi ko a niƙa a dutse, a tankaɗe. Bayan wannan ga ɗiban ruwa a rijiya da guga, ga girki da itace ko kara a murhu. Da dare kuma a kunna a-ci-bal-bal, mace ta zauna kaɗin zare.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, kuɗin gyaɗa da auduga da fatu sun ƙaru a hannun jama'a. Kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt suka riƙa shigo da kaya, 'yan koli na kai su kasuwannin ƙauye. Ta haka fitilar ƙwai da kananzir da ashana da sabulun kanti da kwanonin fenti suka shiga gidaje. Sai dai kwanonin nan jere aka fi yi da su a ɗakin amarya, inda suka ture ƙore. Keken ɗinki na Singer kuwa a hannun teloli maza ya fi zama. Wato dai waɗannan kaya sun ƙawata ɗaki, amma turmi da taɓarya suna nan inda suke.

Abin da ya taɓa ainihin aikin shi ne injin niƙa mai amfani da man gas, wanda ya bazu daga birane zuwa garuruwan bakin hanya, musamman bayan samun mulkin kai a 1960. Aikin da kan cinye hantsi sai ya zama aiken yarinya da 'yan kwabbai. Duk da haka, sauƙin bai game kowa ba. Zawarawa da tsofaffin da ke ci da dakau sun rasa wani ɓangare na abincinsu, kuɗin kuma ya koma aljihun maza masu inji.

A taƙaice, baƙin kaya sun sauya kamannin ɗakin mace tun kafin su sauya aikinta, kuma injin da ya rage wa wata wahala shi ne ya rage wa wata sana'a.