City Academy: shekara talatin da buɗe ƙofa ga waɗanda aka kora

A watan Satumba na 2022 wata ƙaramar makarantar sakandare da ke gabashin birnin St. Paul, a jihar Minnesota ta Amurka, ta cika shekara talatin. Sunanta City Academy. Wanda ya wuce ta gabanta ba zai ɗaga kai ba, don ba ta da katafaren gini ko filin ƙwallo na a zo a gani. Amma ita ce makarantar yarjejeniya ta farko da ta fara karatu a duk faɗin Amurka, kuma dubban irinta da ake da su yau a bayanta suka zo.

Makarantar yarjejeniya ta gwamnati ce, da kuɗin haraji ake tafiyar da ita, ɗalibi ba ya biyan ko sisi. Bambancinta shi ne malamai ko iyaye ne ke kafa ta, su sa hannu a kan takarda cewa za su cim ma kaza da kaza, a sakar musu mara su yi yadda suka ga ya dace. In sun gaza, a ƙwace izinin. Wani malamin jami'a, Ray Budde, shi ya fara kawo tunanin, sannan Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malaman Amurka, ya yayata shi a 1988. A Minnesota, Sanata Ember Reichgott ta majalisar jiha ce ta ɗauki ƙudurin ta yi ta fama da shi har ya zama doka a 1991. Da ƙyar ya sha. Ƙungiyoyin malamai na jihar sun ja daga, abin da ya fito daga majalisa kuwa an rage masa ƙarfi: makarantu takwas kacal aka yarda a buɗe, kuma sai hukumar ilimi ta yanki ta amince.

A nan ne Milo Cutter da abokin aikinta Terry Kraabel suka shigo. Ba 'yan siyasa ba ne, ba kuma masu kuɗi ba. Abin da ya dame su yaran unguwa ne da ke zaune a bakin titi da rana tsaka, lokacin da sa'o'insu ke aji: wani an kore shi, wani ya gaji ya daina zuwa, wata ta haihu, wani ya taɓa shiga hannun hukuma. Sun fara da ɗan shirin karatu na lokacin hutu, da tallafin kamfanin wutar lantarki na Northern States Power. Da hutu ya ƙare aka ga yaran ba su da wurin komawa, kuma ba sa son tafiya. To ga sabuwar doka. Wata makarantar Montessori a garin Winona ta riga su samun izini, amma City Academy ce ta riga kowa buɗe ƙofa, a Satumban 1992, cikin wata cibiyar wasanni ta birni, da ɗalibai 'yan gomiya.

Ka yi tunanin abin: makaranta a ɗakunan aro, malamai su ne shugabanni, su ne masu lissafin kuɗi, su ne masu bin yaro har gida in bai zo ba. Dokar farko ta ce malamai ne za su fi yawa a kwamitin gudanarwa, City Academy kuwa ta riƙe wannan da gaske. Aji ƙarami ne, kowane ɗalibi da nasa tsarin karatu gwargwadon inda ya tsaya. Ba a tambayarsa abin da ya sa ya faɗi a baya, sai dai abin da ya rage masa. Sannan akwai aikin hannu, wanda a ganina shi ne ruhin wurin. Ɗalibai sun riƙa fita su gyara tsofaffin gidajen unguwarsu, su koyi kafinta da fenti da awo. Yaron da ya tsani lissafi a allo, ranar da ya yanka katako ya gaza tsawo, ba sai an roƙe shi ya koyi kasafi ba.

Ranar alfaharinta ta zo a watan Mayun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ziyarce ta. Sa'ad da aka zaɓe shi a 1992, ita kaɗai ce irinta da ke aiki a ƙasar. Ranar da ya zo kuwa sun haura dubu. Shugaban ƙasa ya tsallake manyan makarantu ya zo ya tsaya gaban yaran da aka taɓa cewa ba za su yi abin kirki ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari sosai. Dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002 ta mayar da jarrabawa ma'aunin komai, aka kuma riƙa ƙirga wanda ya gama sakandare cikin shekara huɗu. Wannan awo ba ya yi wa makaranta irin wannan adalci: yaron da ya zo mata yana da shekara goma sha takwas, ya riga ya ɓata biyu a wani wuri, ko gobe ya kammala a takarda ya makara. Gaskiya ne kuma wasu makarantun yarjejeniya sun ci amana, wasu sun rufe saboda kuɗi, Shanker kansa ma tuni ya juya wa tafiyar baya kafin rasuwarsa a 1997. Amma laifin wani ba ya hawa kan wani.

City Academy ba ta buɗe rassa ba, ba ta zama kamfani ba, ta zauna ƙarama a unguwar da aka haife ta, inda 'ya'yan ƙabilar Hmong da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar da Latino ke zaune. Masu rabon kuɗin ilimi sun fi son makarantar da ke fitar da maki mai ƙyalli, ita kuwa wannan da gangan take neman wanda makinsa ya lalace. Duk shekara manyan makarantun St. Paul na rasa wasu ɗalibai, kuma wanda ya fita ba takardar sakandare a Amurka ko aikin soja ko koyon sana'ar lantarki zai yi masa wuyar samu. Irin waɗannan ne ke ƙwanƙwasa mata ƙofa har ta cika talatin.